Ƙofar da Na Fasa

Hutun da ya wuce, da Luba ta kawo mini yaranta, ƙaramarsu ta tambaye ni me ya sa gidanmu yake da ƙofa biyu, kuma wace ce ta gaske. Kafin in buɗe baki uwarta ta yi caraf ta amsa mata, ta ce ai Baffa Garba ne ya raba gidan, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zafin rai. Ina zaune ina jin 'yata tana maimaita wa jikata ƙaryar da ni na koya mata da bakina. Tun ranar abin yake cina. Shi ya sa a wannan tarihin nawa da nake rubuta muku na tsallake labarin makaranta da na wuraren da na yi aiki, waɗanda ba su dami kowa ba, na zo kai tsaye kan shekarar auren Luba. Ku karanta, 'ya'yana, ku karanta wa 'ya'yanku.

Ku da kuka saba cewa get, bari in fara gaya muku abin da muke nufi da ƙofar gida, don na lura kun ɗauka ƙarfe ne da kwaɗo. A gidanmu na unguwar Ƙofar Rini a Sakkwato, in an ce ƙofar gida ana nufin zauren ƙasar nan da dakalinsa biyu, da inuwar dogon yaron da ke gabansa, da mutanen da ke zama a wurin. Nan ake raɗa wa jariri suna, nan ake zuwa neman aure, nan ake ajiye makara a jira liman. In ana son sanin asalin mutum ba a shiga ɗakinsa, ƙofar gidansu ake zuwa a zauna a ji abin da maƙwabta za su ce. Mutum yana iya mallakar ɗaki goma, amma ƙofar gida ɗaya yake da ita, kuma ba shi ya zaɓe ta ba. Tamu kuwa kowa a unguwa ya san sunanta: ƙofar gidan rundawa, wato mahauta. Kakanmu barunje ne, ubanmu barunje ne, Yaya Garba barunje ne. Ni kaɗai aka zare aka sa boko, kuma Yaya ne yake goya ni a keke ya kai ni makaranta, ni a gaba, tiren nama a baya.

Da mahaifinmu ya rasu malamai suka raba gida, gaba da zauren ya faɗa wa Yaya, baya ya faɗo mini. Tsakanin sassan biyu akwai wata 'yar ƙofa mai ƙyauren katako, ta nan iyalina suke bi su ratsa tsakar gidan Yaya su fita zaure. Ina tuna abin da ya gaya wa malaman ranar, yana zaune ya miƙe ƙafa:

"Ku raba ɗakuna yadda Allah yac ce. Amma ƙohwa ɗaya ta. Ba a raba ƙohwa."

Haka muka zauna shekaru masu yawa, kuma ba zan ɗora masa laifin ko tsinke ba. Abin da ya lalace a cikina ya lalace. Na fara samun girma a wurin aiki, na fara sa takalmi mai sheƙi, sai zauren ya fara yi mini ƙunci. In zan fita da safe sai na tsallake faifan kilishi, na durƙusa na gaida dattawa huɗu ko biyar, kowa da tambayarsa, wani ya riƙe hannuna da hannun da ya gama taɓa hanji. In na shiga mota sai in riƙa shinshina rigata. Ƙaurin kitse ba ya fita daga bangon ƙasa, ya riga ya zama jikin ginin. Wata rana wani abokin aikina ya zo nemana, ba zan kama sunansa ba tunda ya riga mu gidan gaskiya, ya tarar da Yaya yana wasa wuƙaƙe a kan dakali. Washegari a ofis, gaban mutane, ya ce:

"Umaru, ashe kai ɗan wuƙa na? Jama'a, in an kawo ragon walima kak ku nemi kowa, ga mai gado nan."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Wasa ne irin na abokai, da na mayar masa da ɗaya da an wuce wurin, don shi ma kakansa ba sarki ba ne. Amma na ɗauki maganar na sa a aljihu, na yi ta yawo da ita shekara da shekaru.

Sai ga Luba ta kawo miji, ɗan wani babban ma'aikaci daga unguwar Runjin Sambo, gidan da ake ji da su. Abin da ya fara zo mini a rai ba murna ba ce. Motocinsu na hango suna tsayawa gaban dogon yaro, manyan mutane suna tattare babbar riga kada ta shafi dakali. A cikin mako guda na kira magini ya fasa katangar bayan sashena, ta wajen lungun da ba kowa ke bi ba, mai walda ya kafa mini ƙofar ƙarfe, aka shafa mata shuɗin fenti. Mahaifiyarku Kulu, Allah ya haskaka kabarinta, tana tsaye tana kallon ƙura tana tashi.

"Malam, ka shaida ma Yaya?"

"Wurina na. Sai na nemi izni kahin in taɓa bangona?"

"Ba bango kat taɓa ba," in ji ta, ta koma ɗaki.

Yaya da kansa ya zagayo ya duba aikin. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya ce ta yi kyau, Allah ya sa a shiga lafiya. A zatonsa don mota na yi, kuma na bar shi a kan zatonsa.

Kun san al'ada, ko da yake ku ma kun fara sakinta. Uba ba ya ba da 'yarsa da kansa. In an zo masa sai ya ce yarinya tana da iyaye, ya tura masu nema wurin wansa ko ƙanensa. Luba ta Yaya ce tun ranar da aka haife ta, shi ya yanka ragon sunanta, shi ya riƙa kiranta uwata saboda sunan mahaifiyarmu ta ci. Ni kuwa na aika wa dangin yaro kwatance cewa su wuce bakin layinmu, su zagaya ta lungu, za su ga shuɗiyar ƙofa. Na roƙi wani Alhaji da muke aiki tare, mai faɗin rawani da iya magana, ya zo ya zauna a matsayin waliyyi. Ban gaya wa Yaya ranar ba. Na manta cewa gidan da mata suke tarayya da turmi ba ya riƙe sirri. Kulu ta gaya wa Aljumma matar Yaya, ba da wata manufa ba, don ita ma ba ta san abin da na ƙulla ba.

Abin da ya faru a zaure ranar ban gani da idona ba, daga baya na tsinta a bakin mutane, kowa ya ba ni guntu. Yaya bai je runji wurin sana'ar namansa ba, abin da bai taɓa yi ba sai in ciwo ya kayar da shi. Ya sa aka kwashe faifai da wuƙaƙe aka kai ciki, aka wanke dakali da omo, aka yayyafa ruwa, aka turara zauren. Ya shimfiɗa sababbin tabarmi. Ya sa farar rigarsa ta Idi, ya kira dattawan unguwa uku su taya shi karɓar baƙi. Suka zauna tun bayan la'asar. Suna kallo motoci uku suka rage gudu a bakin layi, suka wuce. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce a tura a tare su, sun ɓata hanya. Yaya ya ce a dakata tukuna. Suka ci gaba da zama har rana ta yi ja, sannan dattawan suka fara tuna cewa suna da uzuri, suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Ana gab da kiran magariba, baƙi sun tafi, ina tsakar gida ina jin daɗin yadda komai ya tafi sumul, sai na ji ƙarar ƙyauren katakon nan. Ƙyaure ne mai kuka, duk gidan an san muryarsa. Yaya ya shigo da farar riga, riƙe da ƙwarya an rufe da ganye.

"Umaru, baƙin uwata hanya sunka ɓata?"

"Sun zo, Yaya. Sun tahi."

"Wa yab ba da ita?"

Na faɗi sunan Alhajin. Ya sunkuya ya ajiye ƙwaryar a gabana.

"To, Allah shi yi albarka. Ga goro nan, hwari na, don su nis saye. A raba ma mata kak shi bushe."

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Kunya ce ta kama ni, ni kuwa tun ina yaro in kunya ta kama ni sai ta juye faɗa. Na ce masa zamani ya canza, mutanen nan ba irin namu ba ne, yanzu kowa da ƙofarsa. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ɗaga hannayensa biyu ya juya su, kamar mai nuna wa malami ya yanke farce.

"Na wanke su hwa, Umaru. Da sabulun Aljumma niw wanke, mai ƙamshin nan."

Ya juya ya fita, ƙyauren ya yi kukansa a bayansa. Wannan ne ƙarshen shigowarsa sashena.

Ga abin da nake son ku riƙe da kyau. Kwana shida bayan haka, ni Umaru, ubanku, na kira maginin nan na sa ya jera bulo a 'yar ƙofar ta gefena, ya shafe da siminti. Na yi haka ne don ba na iya jure jin motsin ƙyauren, ko iska ce ta taɓa shi sai in ɗauka shi ne. Da kuka dawo makaranta kuka tambaya, na ce Baffanku ya ce kuna damunsa da zirga-zirga. Kulu ta dube ni, ba ta tona ni ba, kuma ba ta sake duba na yadda take duba na a da ba. Baffanku bai taɓa cewa kun dame shi ba. Mutumin da yake ɓoye muku tsire a aljihu ne kuka daina gaisarwa da sakin fuska, saboda ni.

Abin dariya, in akwai mai ƙarfin yin dariyar, ya zo ranar ɗaurin aure. Yaya ya aiko da naman sa guda, ya zo masallaci ya zauna can sahun baya. Bayan an shafa fatiha uban ango ya ja ni gefe.

"Alhaji, ya anka yi ba Garba yab ba da aure ba? Shekara da shekaru shi ka yanka muna layya. Da munka yi bincike anka ce ɗiyar ƙanenai ta, nic ce ma yaro ka samu gida. Ran da munka zo ban gan shi ba, na ɗauka ba shi da lahiya."

Ashe ƙofar da na ɓoye ita ce ta sayo wa Luba daraja. Da ni mai hankali ne da daga masallacin na wuce zaure na faɗi gaban Yaya. Taku nawa ne? Amma girman kai rawanin tsiya, na ce sai an gama biki. Aka gama biki na ce sai azumi. Azumi ya wuce na ce ai ranar Idi ta fi dacewa. Kada ku ɗauka gaba muka yi, da gaba ce da dattawa sun zaunar da mu sun sasanta. Muna haɗuwa a masallaci, in ce ina kwana Yaya, ya ce lafiya lau Umaru, ya iyali, kowa ya nemi takalminsa. Duk layya cinyar rago tana zagayowa ta lungu ta iso gidana. Ba abin da wani zai kama ya ce ga ɓaraka, shi ya sa ba wanda ya ɗinke ta. Shekara goma sha bakwai muka yi a haka.

Ita kuwa shuɗiyar ƙofata ba ta taɓa zama ƙofar gida ba. Na gina mata dakali, na dasa itace ya ƙi kamawa, na sayi kujerun roba. Har yau in mai keke ya kawo baƙo zaure yake kai shi, daga can a ce masa ya zagaya ta baya. Sanda nake aiki ban damu ba, motoci suna zuwa. Da na yi ritaya sai suka ragu kamar ruwan randa, ba ka ganin sanda yake tafiya. Ku kuka watse, wannan Abuja, wannan Kaduna. Da Kulu ta rasu na kafa rumfa a lungu, abokan aiki suka zo kwana ɗaya, amma mutanen unguwa da ƙafarsu suka nufi zaure, can suka yi wa Yaya ta'aziyyar matata, shi ya karɓa har kwana bakwai. Bayan nan sai gidan ya zama ni da rediyo. Da la'asar in fito da kujera ɗaya in zauna, ƙarfen ƙofar yana huci a bayana saboda ranar Sakkwato, awaki su wuce, wani lokaci mai tallan ruwa. Ta saman katanga ina jiyo hirar zaure, ina gane dariyar Yaya a cikin ta mutane, wani sa'in har in samu kaina ina murmushi kan zancen da ban ji farkonsa ba. Kewa ta ci ni ƙwarai a shekarun nan, kuma ban gaya wa ɗayanku ba, in kun kira waya sai in ce ina ƙofar gida ana hira.

Bara, wata safiya, Sahabi babban ɗan Yaya ya buga mini ƙofa ya ce Baba ya cika. Na bi shi muka zagaya lungu, muka fita titi, muka shigo layi, tafiyar da a da taku goma ce. Na zauna a zaure a matsayin babba, tunda ni na rage. Ƙaurin nan yana nan yadda na bar shi, sanyin ƙasar yana nan. Jama'a ta yi ta shigowa har layi ya toshe, rundawa, 'yan kara masu shanu, har da surukina. Wani matashi ya gaisa da Sahabi, ya juyo gare ni cikin ladabi ya ce:

"Baba, an gode da zuwa. Daga wace unguwa kuke?"

A zauren da aka raɗa mini suna. Ban ga laifinsa ba, yaron bai kai ashirin da biyar ba, ina zai san ni.

Ranar uku Aljumma ta aiko in shiga. Rabona da tsakar gidan tun kafin auren Luba. An yi gyare-gyare, an zuba siminti, an canza rufi, amma a kusurwa sai na ga ƙyauren katakon nan a tsaye a wurinsa. Ni duk shekarun nan na ɗauka an cire shi an yi makamashi. Ta sa aka buɗe, ba komai a bayansa sai bayan bulona, da simintin da ya zubo ya daskare. Sakatar da ƙarafunan da ke riƙe da shi sun yi baƙi suna maiƙo.

"Da anka gyara gida maginai sun so su shahe wurin, yah hana," in ji ta. "Yac ce ƙohwa ta. Dut Juma'a in ya dawo runji sai shi taho da ɗan kitse shi shahwa mata. Nic ce mai, Malam, ƙohwad da ba ta zuwa ko'ina? Yac ce, ke ba ki san Umaru ba, kunya gare shi. Randa za shi dawo, ba ni son ta yi kuka mutane su waiga."

Na dafa bango na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

To ga wasiyyata, tun ina da bakin faɗa. Ku je ku nemi gafarar Aljumma da 'ya'yanta kan fuskar da kuka riƙa ɗaure musu, ku ce ni na sa ku. Duk wanda ya zo neman 'yar ɗayanku, ku tura shi wurin Sahabi, ku gaya masa sunan ƙofar yadda yake, ƙofar gidan rundawa, kada ku rage murya. In na mutu kada a fitar da ni ta lungu. Na riga na roƙi Sahabi, ya ce Baffa wannan ai ba abin roƙo ba ne.

Bulon kuwa na sa an cire bayan an yi arba'in. Aikin da na yi shekara goma sha bakwai ina ɗagawa, magini bai cika awa guda a kansa ba. Da ya kwashe ɓaraguzai ya tafi, na tsaya ni kaɗai gaban ƙyauren. Ba a sa sakata ba, Aljumma ta ce ba a taɓa sawa ba. Na kai hannu na tura. Ya buɗe ko ƙis bai yi ba, ba wanda ya waiga. Na yi sallama, Aljumma ta amsa daga ɗaki, jikoki suka amsa, ni kuwa na ci gaba da tsayuwa a bakin ƙofar kamar akwai sauran amsa. Da na duba tafina sai na ga kitse ya shafe shi. Na kai hanci na shinshina, na daɗe ban sauke hannun ba.